Sarin Da Na Turara

Ko zan manta komai na zamanmu a unguwar Bulumkutu ta Maiduguri, ba zan manta da jan sarin nan na matan Indiya ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, amma har yau in na ji ƙanshin man kwakwa sai tsigar jikina ta tashi.

Lokacin ina sabuwar amarya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani malamin kimiyya Ba'indiye da matarsa. Anti nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanwata, da gurguwar Hausarta. Kullum cikin tsokanata take, wai lafayarmu sari ce da ta yi ƙiwuya. Ita ta koya mini yadda ake tara ninki bakwai a tsakanin yatsu, a soke a ƙugu, a jefa sauran kan kafaɗar hagu.

Da ciwo ya kwantar da ita za a kai ta asibiti a Kano, sai ta kira ni. Damina ce, rufinsu na yoyo. Ta ba ni ajiyar sarin aurenta, alharini saƙar hannu, bakinsa da zaren zinare an yi dawisu a jere. Ta jero mini dokoki: a naɗe shi cikin farin ƙyalle da busasshen ganyen darbejiya, kada ruwa ko turare su taɓa shi, kuma duk wata a warware shi a inuwa a canja ninkin, don in ya daɗe a layi ɗaya zaren karyewa yake yi. Ta ce a al'adarsu macen da ta riga mijinta tafiya, da shi ake yi mata sutura kafin a ƙona gawar.

Na ce ta kwantar da hankalinta. Ashe ni ce abin tsoron.

Bikin ƙanena ya zo, ido ya raina fata, ba ni da kayan fita, na ce bari in yafa shi kamar lafaya na yini ɗaya. To wace mace ce a Maiduguri za ta fita biki ba ta turara kaya ba? Ko tunani ban yi ba. Na zuba turaren wuta a kasko, na kifa kabbasa, kwandon nan na turara kaya, na shimfiɗa sarin a kai har ya sha hayaƙi, na kuma yayyafa masa humra. Na sha yabo ranar, ba ƙarya. Bayan mako biyu na duba, sai na ga zinaren ya dushe, dawisun sun yi baƙi. Na ci kuka na ƙoshi, na cusa shi ƙasan akwati na kulle. Kunya ta hana ni sake buɗewa, watan farko ya wuce ban canja ninki ba.

Wata rana da azahar, gari tsit saboda zafi, na shiga ɗaki na ji ƙanshin man kwakwar da Anti take shafawa a gashi. Makullin akwatin yana ɗaure a bakin zanena. Na buɗe. Ni na san a dunƙule na cusa shi, amma ga shi a ninke tsaf, gida uku, yadda ita kaɗai take yi, da sabon ganyen darbejiya a tsakani. Maigidana ya yi dariya ya ce ni na yi na manta. Ni kuwa tsoro ya kama ni sosai.

Wata na gaba ma haka, ninkin ya koma wani layin. Ranar da na leƙa ta taga kuwa, na hango Anti ƙarƙashin darbejiyar gidansu da ke kulle, ta juya mini baya, yatsunta na tara ninki babu komai a hannun. Na ƙifta ido, sai inuwa kawai.

Kwana uku bayan nan mijin Anti ya yi sallama, idanunsa jawur. Ta rasu da safe, ya zo karɓar sarin. Na miƙa masa, na soma ba da haƙuri. Ko warwarewa bai yi ba, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

Ya ce, “Ta faɗa mini ya yi baƙi. Ta ce kada ki damu, dama wuta zai shiga. Abu ɗaya ne ya dame ta. Ta ce in ce wa ƙanwarta ta riƙa canja ninkin, ta gaji da zuwa.”

Ban taɓa rubuta mata wasiƙa ba, ban kuma faɗa wa kowa ba, ko maigidana bai san zinaren ya yi baƙi ba.

Abin da na koya shi ne, ta yafe mini ɓarnar tun kafin in roƙa. Abin da ya hana ta kwanciya shi ne kulle akwatin da na yi don kada in ga laifina. Tun daga ranar, in na ɓata amanar wani, a ranar nake buɗe baki in faɗa, in kuma ci gaba da kula da abin da ya saura.