Na hana ɗiyata ta ce ba ta sani ba

Shekarun baya, sun kusa ashirin yanzu, ɗiyata ta ci bak, jarrabawar gama sakandare. Ita ce ta farko a zuriyarmu da ta kai nan. Ni ban taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Rubutun nan ma sai daga baya, da girmana, na koye shi.

Sana'ata awon hatsi a kasuwar Magariya. Daga wani ƙauye na bayan Waca na fito, shekarar da yunwa ta watsa gidanmu. Na zo da riga ɗaya, wani tsoho mai awo ya ɗauke ni aiki. Wata rana wani ɗan kasuwa daga ƙetaren iyaka ya nuna buhu ya ce min, tiya nawa ke ciki? Na ce ban sani ba. Tsohon ya jira mutumin ya wuce, ya kwaɗa min mari. Ya ce mai awo ba ya cewa bai sani ba. Ka dubi buhu, ka jijjiga shi, ka faɗi abin da ke ciki. Tun ranar na daina faɗin kalmar. Da haka na yi suna, da haka na ciyar da gida. Ina duban rumbu in faɗi damin da ke ciki, da wuya in kuskure da biyu.

Ɗiyata ta ce makarantar koyon kasuwanci take so, a Yamai. Shiga can sai an yi konkur, wato jarrabawar da ake zaɓen kaɗan cikin masu yawa, a ɗauki nauyin karatunsu. Akwai iyakar shekaru. Ita kuwa ciwo ya kwantar da ita tana ƙarama, ta maimaita aji har sau biyu, shekarunta sun zo gab da iyakar. Sau ɗaya za ta yi. In ta faɗi, shi ke nan, ni ba ni da ƙarfin da zan kai ta da kaina.

Faransanci ba ya ba ta tsoro, lissafi ma haka. Sashe guda ne sabo gare ta. A ba ka tablo, wato jadawali, cike da lambobi, ko zane mai hawa da sauka, a yi maka tambaya a kai. Ɗan maƙwabcinmu ya yi karatu a makarantar, ya dawo yana aiki a wani biro, wato ofis. Shi ya yarda zai riƙa koya mata bayan la'asar, sau uku a mako, muka riƙa ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal. Na ce to, amma a zaurena, ina zaune. Ya ce ba laifi, Baba.

Yaron yana da ladabi. Ladabin nan ne ya ja mana. Da ya bar ni a kan buzuna ina jan carbi suna ta Faransancinsu, da ba a yi komai ba. Sai ya ga bai dace a yi magana a gaban babba ba ya ji ba, ya riƙa juya min kowace tambaya da Hausa.

Kwanakin farko na ji daɗi. Ya ce ga buhu kaza a wata kaza, ga buhu kaza a wata mai bi masa, nawa aka ƙaru? Kafin su gama rubutu na faɗa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, kai ya kamata a kai konkur ɗin nan." Na ce, "Mushe, a kai ni mana, in dai ba a hana goro a ɗakin ba." Kaina ya kumbura. Tsoho da bai san baƙi ba yana rigan masu bik da kaye, wato alƙalami da littafin rubutu.

Sai ranar da ya zo da wani tablo. Garuruwa huɗu, ruwan da aka yi a kowanne, da geron da aka girbe cikin shekara uku. A gari na uku ruwa ya ƙaru a shekara ta biyu, girbi kuma ya faɗi. Tambayar ita ce, yawan ruwa ne ya ɓata geron? Amsa uku aka jera: i, a'a, ko kuma bayanin da aka bayar bai isa a sani ba.

Na ce, "A'a. Ruwa irin wannan ba ya ɓata gero a jigawa. Tsutsa ce ta shiga zangarniya, ko fara ta sauka."

Ɗiyata ta ce a hankali, "Bayanin bai isa ba."

Mushe ya ce, "Daidai."

Na ce, "Daidai wa?"

Ya ce, "Ita, Baba. Ƙila gaskiyarka ce tsutsa ce. Amma takardar ba ta ce jigawa ba, ba ta ce fadama ba, ba ta ambaci tsutsa ba. Abin da ke kan takarda kaɗai ake dubawa."

Na ce wane gari ne wannan, in tambayi masu kawo hatsi daga can ran kasuwa. Ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ya ce, "Baba, garin babu shi. Ƙirƙira aka yi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wato a ƙirƙiro gari, a ƙirƙiro masa yunwa, sannan a ba yarinya maki don ta ce ba ta sani ba? Wannan ce makarantar kasuwancin? Wanda ya ce bai sani ba a kasuwa, ranar zai naɗe tabarmarsa."

Ya ce, "Ba cewa ta yi ba ta sani ba. Cewa ta yi ba a ba ta abin da za ta sani da shi ba. Da bambanci."

Na ce ni ban ga bambanci ba.

Daga ranar kullum sai mun yi. Irin tambayar nan ta riƙa dawowa, kan gyaɗa, kan motocin haya, kan shagunan da babu su a duniya. Duk sanda ɗiyata ta ce bayani bai isa ba, sai in ji kamar ni aka mara. Mahaifiyarta ta ce min, "Malam, ka tashi daga zauren nan ka bar yara su yi aikinsu. Kai ka taɓa ganin ɗakin jarrabawa?" Na ce ta kula da tukunyarta. A raina na ɗauka yaron nan ragwanci yake koya mata, hanyar tserewa in abu ya yi wuya. Na kuma ɗauka masu duba takarda manya ne, in suka ga yarinya tana ta cewa ba a iya sani, za su ce ba ta da kai.

A Damagaram ake rubuta konkur ɗin. Da safe na raka ta tasha. An cika taksi, ana ɗaure kaya a bisa. Na ja ta gefe.

Na ce, "Ke, saurara. Amsar nan ta uku, kada ki taɓa ta. Ki duba, ki yi tunani, ki ce i ko a'a."

Ta ce, "Baba, Mushe ya ce in an kuskure ana rage maki."

Na ce, "Mushe ne ya haife ki?"

Ta sunkuyar da kai.

Na ce, "In kika rubuta ba a iya sani ba, ko sau ɗaya, ban yafe ba."

Ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa faɗa mata wannan kalma ba tun da aka haife ta. Ni a bakina ba ta yi nauyi ba, so nake kawai maganata ta zauna. Ta ce, "To, Baba." Ta shiga mota. Na koma kasuwa ina jin na yi aikin uba.

Bayan wata guda da ɗan kwanaki sakamako ya fito. Mushe ne ya zo da shi a cikin wayarsa. Ya yi sallama, bai zauna ba. Ya ce ba ta samu ba. Faransanci ta yi kyau, lissafi ta yi kyau ƙwarai. Sashen tablo ne ya ja ta ƙasa, kuma abin da ya raba ta da ta ƙarshe cikin waɗanda aka ɗauka ɗan kaɗan ne.

Aka kira ta. Ta zo ta durƙusa bakin ƙofa.

Ya ce, "Ƙanwata, me ya faru? Wannan sashen kin fi ni iya shi."

Ta kau da kai.

Ya ce, "Irin tambayoyin da bayani bai isa ba, ba su fito ba?"

Ta ce, "Sun fito. Guda shida."

"Ba ki gane su ba?"

"Na gane su duka."

"To me kika sa?"

Ta ce, "Wasu i, wasu a'a."

Ya tsaya yana dubanta. Sannan ya juyo ya dube ni. Bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Ya sa takalminsa, ya ce, "Baba, laifina ne. Da na bar ka da carbinka." Ya fita. Har yau muna gaisawa, bai sake taka zaurena ba.

Kwana uku ban je kasuwa ba. A rana ta huɗu na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Na ce, "Maganar tasha, na janye ta. Na yafe." Ta ce, "Ba komai, Baba. Haka Allah ya tsara." Ta ci gaba da tankaɗenta. Na so ta yi kuka, ko ta faɗa min baƙar magana. Ba ta yi ko ɗaya ba. Na je wurin mutane biyu da ake cewa sun san hanya, ko za a bar ta ta sake. Duka suka ce shekaru sun wuce.

Yanzu tana koyarwa a wata ƙaramar lakwal wajen Mallawa. Ta yi aure da wanda ta zaɓa, tana da ƴaƴa uku. Wadda aka ɗauka a ƙarshen jerin nan ban san ta ba, amma ina yawan tunaninta. Ina cewa ita ubanta bai raka ta tasha ba.

Abin da na gane, na gane shi a makare. Ni buhu na sani, wanda zan taɓa da hannu. Abin da ya cece ni daga yunwa na ɗauka zai ceci kowa a ko'ina, na ɗora mata shi da ƙarfi a wurin da ban taɓa shiga ba. Kuma ita ta san na yi kuskure tun muna tsaye a tasha. Ta auna makarantar da fushina, ta ajiye makarantar.

Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Tana zuwa gaishe ni, tana aiko min da tuwo da magani, ba ta rage ni da komai ba. Bara ta zo da babban ɗanta, ana shawarar ko ya tafi lise, babbar sakandare, a Damagaram ko ya tsaya nan. Ina zaune a wurin. Ta tambayi mahaifiyarta. Ta tambayi mijinta. Ta tambayi yaron kansa. Da ta zo kaina sai ta ce, "Baba, in ƙaro maka ruwa?"

Na ce ƙaro.