Kawu Shebur da Garin da Ba a Gaurayawa

Kawuna, wanda kowa ke kira Shebur, rabin rayuwarsa a kwaɓa siminti ya yi ta. A wurinsa mutumin kirki shi ne wanda kwaɓinsa ba gudaji. Ko shayi ka miƙa masa, sai ya juya har cokali ya nemi ceto.

Da ciwon baya ya raba shi da gini, surukinsa ya samo masa aiki na gwaji a wani ɗakin bincike. Wasu 'yan faya-fayai suke yi, kamar murfin kwalba. A zuba garin tagulla a gindin mazubi, a bi da wani garin tagullar mai ɗan garin tangaran a ciki, tangaran na ƙaruwa hawa-hawa har sama ta zama shi zalla. A matse a inji, a gasa. Sai Dakta, shugabar wurin, ta ɗora wayoyin mita: a ƙasa lantarki na wucewa a guje, a tsakiya yana jan ƙafa, a sama ya tsaya cak. Haka ake so. Aikin Kawu ɗaukar mazubi daga tebur zuwa inji, shi ke nan.

"Yaran nan ragwaye ne," ya ce da ni a gida. "Ko juyawa ba sa yi."

Sai ya shiga taimaka musu. A hanya ya toshe bakin mazubi da tafin hannu, ya girgiza sosai.

Mita ta koma ba da lamba ɗaya sama da ƙasa. Aka canza waya, aka zargi tanderu, har ran da Dakta ta biyo bayansa.

"Baba, me kake yi?"

"Gyara, 'yata. Ba sai kin gode ba."

Ta ce idan faifai na gaba ya fito haka, ya tattara ya koma gida.

Matarsa ta ji labari. "Ka dawo ka zauna mini kana juya mini tukunya? Ban yarda ba!"

Ni na ba shi horo. Na cika kofi fal da ruwa na miƙa masa, na ce kada ko ɗigo ya zuba, ya yi ta zagaya tsakar gida ina binsa da tafi, yana zagin ubana, wato surukinsa ɗin nan.

Faifai na gaba ya fito daidai, aka bar shi a aiki.

Har yau bai yarda suna da gaskiya ba. Yana ɗaukar mazubin kamar jaririn mutane, ya kawar da kai don kada ya ga garin da ba a gauraya ba. Idan ya dawo gida, shayi ke shan wahala.