Mai Jiniya Ya Cika a Kan Benci

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, da la'asar, Allah ya karɓi ran aminina, tsohon direban motar asibiti wanda kowa ya sani da Mai Jiniya. Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kama shi da hantsi, ya cika ba a kai shi babban asibiti ba.

Mai Jiniya, ƙarfinka duk ya ƙare wajen jigilar marasa lafiya daga ƙaramin asibitin unguwarmu zuwa babba, ba ka taɓa tambayar ko ɗan wane ne kwance a baya ba. Ranar da matata ta faɗi a tsakar gida, kai ka ɗauke ta. Kana tuƙi kana yi mini tsiya: "Malam, riƙe mata kai, bar dogon Turancin nan, ba jarrabawa za mu ba." Ta tashi, ta ga auren 'ya'yanta. Ko da ka ajiye aiki ba ka yi shiru ba. Duk inda ka zauna sai ka ce wa mutane, in sun ga baki ya karkace ko hannu ya saki, kada su tsaya shafa man zafi, su ruga asibiti.

Da safen ranar da ka cika muna tare a shagon aski, kana musu da ni kan ƙwallo, bakinka garau. Ka koma gida abin ya same ka. Autarka ba ta yi wasa ba, nan take ta kai ka asibitin da ka yi wa bauta.

A bangon barandarsu akwai ƙaton allo, an rubuta cewa yanzu a nan ake yin allurar narkar da gudan jini ga masu shanyewar jiki, sannan a tura mutum babban asibiti. Ita allurar ba a yin ta sai cikin 'yan sa'o'in farko, bayan an ɗauki hoton kai. Likita ya tambayi autarka tun yaushe abin ya fara. Ta san halin wurin, in ba ka tsananta ciwo ba babu mai kallonka, sai ta ce tun jiya. Ya ce ai lokacin allura ya wuce, ya juya.

Da na iso na same ka a kan benci. Na ce wa likitan ni shaida ne, ɗazun nan muka rabu lafiya lau. Ya ce, "Baba, maganar iyali muke bi." Autarka tana kuka ta ce ba haka ba ne, tsoro ne ya sa ta faɗa. Bai waiwayo ba.

Na daɗe da daina yarda da allunan bango. Me ya sa aka karɓi maganarta ta farko hannu bibbiyu, aka ƙi ta biyu? Ɗakin ɗaukar hoto na gan shi da kwaɗo, har da ƙura a jikin kwaɗon. Na ce a nuna mini allurar ko daga nesa, kowa ya sunkuyar da kai. Motar asibiti an ce ta fita, sai ga ta a bayan ofis, taya ɗaya a sace. Ba ni da hujjar da zan kai kotu, amma zuciyata ta ba ni cewa babu allura a ginin nan, kuskuren yarinya kawai suka samu suka laɓe a bayansa.

A zaman makoki wani ma'aikacinsu ya ce, a gaban jama'a, da an faɗi gaskiya da an cece ka. Tun ranar autarka ba ta cin abinci. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

'Yata, ki saurari abokin babanki. Kin kai shi da wuri kamar yadda ya koya miki, kin kuma gyara maganarki tun yana numfashi. Ba ke kika rufe ɗakin hoton ba. Ki ci abinci.

Allah ya jiƙan Mai Jiniya, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da alheri saboda rayukan da ya yi hanzari dominsu. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa da 'ya'yansa da jikokinsa, Allah ya ba ku haƙuri. Abin da aka ɓoye mana kuwa, Allah ya gani.