Tsumman da Gwaggo Ramlat Ta Bari a Ƙafar Kaza

Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai tattara ya koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1997, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Ramlat, matar marigayi Malam Zakari, ta unguwar Hausari a Potiskum, bayan gajeriyar jinya. Labarin bai same ni ba sai da aka yi sadakar bakwai. Modu direba ne ya kawo shi nan Agege tare da lodin shanu. Ya zauna a bencin teburin da nake sayar da shayi a bakin kara, kasuwar shanu, na haɗa masa, ya sha rabi, sannan ya ajiye kofin ya ce, "Malam Tanko, sai haƙuri. Mai kaji ta tafi."

Haka labari yake iske mutumin nesa: an yi kuka an gama, an naɗe tabarmi, sannan shi zai fara nasa.

Gwaggo, ba zan yi miki ƙarya a bayan ranki ba, tunda ke ba ki taɓa yi mini ita a gaban idona ba. Ba ki da sanyin baki. Ba mu haɗa jini ba, maƙwabtaka ce ta sa nake ce miki Gwaggo, amma kin faɗa mini maganganun da ko gwaggon jini za ta tauna kafin ta furta. Ranar da zan bar gari, bayan an sallame mu daga koyarwa a firamaren Danchuwa, na zo yi miki sallama. Ba ki ko ɗago kai daga kazar da ke cinyarki ba, kika ce, "Za ka tafi neman abinci ka bar wadda za ta ci." Har yau ina ganin ba ki yi mini adalci a wannan ba. Babu aiki a gida, kuma ba yawon buɗe ido ya kawo ni Legas ba. Amma maganar ta biyo ni, tana nan zaune tare da ni a bencin nan.

Mutanen Potiskum sun san ki da abu guda: ƙafar kaza. Idan kaza ta fara ɗingishi, ko ta tsaya da ƙafa ɗaya ta ƙi bin 'yan'uwanta kiwo, ke ake aika wa. Na sha ganin yadda kike yi. Ki lulluɓe mata kai da ƙyalle ta nutsu, ki juya tafin ƙafar ki nuna wa mai ita kumburin da baƙin ɓawon da ke tsakiya. Ki tsoma ƙafar a ruwan ɗumi mai gishiri har ɓawon ya yi laushi, ki ɗaga shi da sabuwar reza, ki matsa a hankali sai mugunyar da ta daskare ta fito dunƙule kamar ƙwayar masara. Ki wanke, ki shafa shuɗin maganin miki da kike saye a kemis, sannan ki ɗaure da tsumma, kina ratsa shi tsakanin yatsu don ta iya taka ƙasa. Tsumman daga tsofaffin zannuwanki kike yagowa. Akwai shekarar da kajin Hausari da na Dogo Tebo duk koriyar atamfarki suke yawo da ita.

Wadda ciwon ya ci har gwiwa ba kya wahalar da ita. Ki ce, "A yanka, tun tana da nama." Idan kuma annoba ce ta shigo, ki ce wannan ba naki ba ne, a nemi malamin dabbobi. Ba ki taɓa cewa kin san abin da ba ki sani ba.

Abin da ya sa wasu ba sa son kiranki shi ne ba kya tsayawa a kan kaza. Sai kin zaga gidan. Ki ga inda ake zubar da fasasshen kwalba, da tsatsar waya, da taɓon bakin makwarari, ki faɗa a gaban kowa. Na tuna zakaran Alhaji Abatcha, ƙaton nan na gidan gona da yake tunƙaho da shi. Ƙafa ta kumbura, aka kira ki. Kika tambaya ina yake kwana, aka nuna miki kan katanga, ƙasan kuma daɓen siminti ne. Kika ce, "Alhaji, zakara ka saya ko jirgin sama? Wannan nauyin kullum yana dirowa kan siminti? Ni in ɗaure, siminti ya kwance?" Kika ƙi taɓa shi sai da aka kafa masa sanda kusa da ƙasa aka zuba ƙaiƙayi. Alhaji ya yi fushi, zakara ya warke.

"Likitar kaji" suke ce miki, kuma ba duka ne ke faɗa don girmamawa ba. Maza suna dariya a bakin masallaci, matansu suna aika miki ta ƙofar baya. Sun manta cewa a gidaje da yawa kazar nan ita ce sabulu, ita ce littafin makaranta, ita ce maganin zazzaɓin yaro. Ke ba ki manta ba.

Amma ba don kajin mutane nake wannan rubutu ba. Don Inna nake yi.

Wanda bai sani ba ya sani: mahaifiyata Hanatu ita kaɗai ce a gida. Yayyena mata biyu sun riga mu gidan gaskiya, ni kuma ga inda nake. Da mahaifina ya rasu, 'yan'uwansa suka raba gidan, wanda dama na kakanmu ne, suka ja katanga ta tsakiyar tsakar gida, rijiya ta faɗa ɓangarensu. Gadonsu ne, shari'a ta ba su, ban ce sun ci haram ba. Amma akwai yadda ake karɓar halal ba a karya zuciyar tsohuwa ba. Tun ranar Inna ta rufe ƙofarta. Ba ta karɓar kwanon kowa, ba ta son a zo a ce mata sannu da zaman kaɗaici. Wanda ya shiga da tausayi a fuska, da tsintsiya ake raka shi. Idanunta kuma suna ta dusashewa.

Ke kaɗai kike shiga, don ke ba gaisuwa kike zuwa ba. Kaji kike zuwa dubawa. Inna tana da 'yan kaji, cikinsu akwai wata wake-wake da take ji da ita. Ki ɗaure mata ƙafa, ki ce sai kin dawo canza tsumma. In kin dawo, ki ce hannunki yana bukatar ruwa, ki leƙa randa. In babu, ki tura a ɗebo har ta cika. Ki ce kaza mai jinya tana son tsaki, ki zo da gero a ƙwarya, wanda ya fi ƙarfin cikin kaza goma. Ki zauna kuna faɗa a kan wanda ya fi iya dama kunu, har ki tabbatar ta ɗora tukunya.

Ban san wannan ba sai da na je babbar salla shekarar da ta gabata. Na kama wake-waken, na kwance tsumman don in ga ciwon da Inna ta ce ya ƙi warkewa. Tafin ƙafa lafiya lau, ko tabo babu. Na same ki a gida da tsumman a hannu. Kika fizge, kika ce, "Wa ya aike ka? Kai da kake zuwa da salla kamar mai kiɗa, ka zo ka kwance mini aiki? Maza ka mayar kafin ta lura."

Na koma zan mayar, Inna tana zaune bakin ɗaki. Ta ce, "Ba haka Ramlat take ratsa shi ba." Na ce, "Inna, ƙafar nan fa..." Ta ce, "Idona ne ya mutu, ba hankalina ba. Ɗaura ka yi shiru."

Ashe ku biyun kun sani, kuma babu wadda ta taɓa faɗa wa 'yar'uwarta. Haka kika ciyar da mahaifiyata, kika shayar da ita, ba ki bar ta ta ce na gode ba ko sau ɗaya, don kin san ranar da ta faɗa, ranar za ta rufe miki ƙofa.

Modu ya ce zaman makokinki ya cika. Ya ce har waɗanda suka ja katangar nan sun zauna a tabarmar gaba. Allah Ya ba su ladan zama. Daga ƙofarsu zuwa ta Inna ko takalmi mutum ba ya bukata, amma ba su taɓa sanin ko randarta da ruwa ba.

Na tambaye shi Inna fa. Ya ce 'yarki Na'ima, Allah Ya yi mata albarka, ta je har sau biyu ta ce ta zo kwance tsumman da kika bari. Inna ta ce mata ta bakin ƙofa, "Hannunki bai iya ba, 'yar nan. Je ki ji da maraicinki." Shi kuwa Modu, da ya tsaya karɓar saƙo kafin ya taso, cewa ta yi, "Ka ce wa Tanko lafiyata ƙalau, kada ya damu. Ka ce masa kuma Ramlat ta ɗaure wa wake-wake ƙafa, ta ce za ta dawo ta kwance, ba ta dawo ba."

Tun da na zo Legas Inna ba ta taɓa aiko mini da cewa in dawo ba, kuma ba za ta taɓa ba. Wannan shi ne iyakar abin da bakinta zai iya faɗa.

Tirelar Modu za ta koma ranar Juma'a, kuma ina ciki. Na bar wa Babayo, maƙwabcina mai sayar da burodi, teburin da tukwanen. Na san garin nan: wurin da ka tashi ba ka dawowa ka same shi. Ban san abin da zan yi a Potiskum ba, aikin da rashinsa ya kore ni bai dawo ba. Na gaji, Gwaggo, kuma ba zan ce ina murna ba. Amma zan je in kwance tsummanki. In Inna ta ce ƙafar ba ta gama warkewa ba, zan yagi rigata in sake ɗaurawa, ko da ban iya ratsa shi irin naki ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Na'ima da ƙanenta Basiru, da jikoki, da matan Hausari, Dogo Tebo da Danchuwa waɗanda za su ga kaza tana ɗingishi su rasa wanda za su aika wa. Ina yi wa Inna ta'aziyya, ita da ba za ta yarda ta karɓa ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo Ramlat. Ya yafe miki kaifin harshe saboda taushin hannu. Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya shayar da ke kamar yadda kika cika randar da ba taki ba. Ke da kika tsayar da ƙafafun bayin Allah marasa baki, Allah Ya tabbatar da naki a kan siraɗi. Amin.

Tanko Bubayaro
Agege, Legas