Zanen da Sarjan Ɗangoma Bai Shafe Ba

A Filinge, duk wanda ya taɓa zama gindin itacen bedin ƙofar gidan Sarjan Ɗangoma ya san yaƙin arewa, ko da bai taɓa wuce Sanam ba. Tsohon soja ne, yanzu kuma magini. In hira ta yi daɗi sai ya share rairayi da tafin hannu, ya karyo karan gero, ya shiga zane: ga dutse, ga kwari, ga inda motocinsu suka tsaya, ga ta inda 'yan tawaye suka ɓullo. Da ya kai ƙarshe sai ya shafe komai tas kafin kowa ya tashi.

Shafewar nan gado ce. Ubansa maharbi ne a wani ƙauyen Kurfai, mai riƙe da al'adar kakanni. Shi ya koya masa cewa mutumin da aka zana a ƙasa aka bari, kamar an ɗaure shi ne a wurin. Da Ɗangoma ya shiga soja kuma ya tarar kumandansu, Sahabi, yana zana shirin faɗa a ƙasa, ya murje da takalmi don kada abokan gaba su karanta. Tun daga nan hannun Ɗangoma ya saba, ba ya ko jiran izininsa.

Lokacin tawaye, shi da amininsa Lawali sun tsaya da rundunar gwamnati har ƙarshe. Ɗangoma ya dawo, Lawali bai dawo ba. Shi ya haƙa masa kabari, kuma a cikin waɗanda suka yi masa salla, shi kaɗai ya rage a duniya.

Wata ranar Lahadi Habsa, ɗiyar Lawali, wadda aka bari a goye, yanzu malamar lakwal, wato makarantar boko, a Baleyara, ta sauko daga mota da littafi a hannu. Kumandan Sahabi ne ya rubuta shi da Faransanci kafin rasuwarsa, da taswirorin da ya zana da hannunsa.

"Baba, na bi shi shafi-shafi," in ji ta. "Kibau ne kawai. Ina babana yake a nan?"

Ɗangoma ya kai takardar kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. "Kumandan bai yi ƙarya ba, ɗiyata. Shi yana bisa dutse, abin da ya hango ya zana. Mu muna ƙasa."

Ya share rairayi ya zana mata. Ga rijiyar makiyaya, ga dutsen da ya rabe biyu. Da ya zo kan itacen aduwa da ke kusa da kabarin sai karan ya tsaya. Gabas yake ko yamma? Bai taɓa tsayawa a nan ba. Da ƙyar abin ya dawo masa, ya ɗiga alama. Habsa na laluben waya a jaka don ta ɗauki hoto, hannun ya riga ya shafe.

"Baba!"

"Bari, waya ma rijiya take faɗawa," in ji shi, yana son ya mai da abin raha. Ba ta yi dariya ba. Ta ba shi alƙalami da takarda, hannunsa ya hau rawa har ya huda takardar.

"Kwana nan," ya ce mata. "Gobe ba ki komawa hannu wofi."

Da safe ya jawo buhun simintin da ya ajiye don gyaran rumbu. Ya kwaɓa, ya zuba a daɓen zaure, ya lailaye shi sumul. Ya jira ya ɗan kama jiki, sannan ya durƙusa da doguwar ƙusa. Matarsa Tanne ta tsaya bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Sarjan, rumbun fa? Ko geronmu cikin taswira za mu zuba shi? Kai da ba ka barin zane ya ga azahar!"

"Lawali ai ya daɗe ɗaure can shi kaɗai," in ji shi, bai ɗago kai ba. "Gara in ɗaure shi nan, inda ɗiyatai za ta riƙa iske shi."

Tanne ta sauke hannu daga ƙugu. Ƙusar na nutsewa cikin siminti, rawar hannun ta ragu. Ya ja kwari, ya tayar da dutse, ya sa aduwa a gabas ba tare da ya tsaya ba. A gindinta ya danna babban yatsansa.

"Ga shi nan."

Habsa ta durƙusa tana kallon gurbin yatsan. Sai tafin Ɗangoma ya buɗe da kansa, ya nufi zanen. Tanne ta cafke wuyan hannun.

"A'a, tsoho."

Ya dubi hannun kamar na wani. Ya cusa duka biyun cikin hammata, ya koma bakin zaure ya zauna, ya miƙe ƙafa ya tare ƙofa. Abinci ya zo, ya ce a ajiye. Da ƙafa ya yi ta korar kaji, har simintin ya bushe.