Shekarar da Na Mai da Amalanken Babanmu Jirgin Ƙasa

Shekarun baya, lokacin ina ganin daga Bazaga har Ƙonni babu mai kai irin nawa, na taɓa zama daraktan kamfanin jirgin ƙasa. Jirgin yana da ƙafa huɗu da dogayen kunnuwa, kuma harawa yake ci.

Mahaifina mai amalanke ne. Tun ina yaro, duk ranar kasuwa shi yake kwasar matan ƙauyenmu da kayansu zuwa Ƙonni: wake, gero, busasshiyar kuɓewa, wani lokaci har da akuya a ɗaure. Allah Ya yi masa rasuwa bayan kaka, ya bar amalanken da tsohon jakinsa a hannun mahaifiyata. Kawuna ya ba ta shawarar ta sayar, don a cewarsa ɗan lakwal, wato ɗan boko, irina ba zai iya da jaki ba. Har mai saye ya zo ya duba haƙora. Abin ya ƙona mini rai, domin ban da wannan amalanke ba ni da wata sana'a, kuma ba na son in ga wani yana zaune a mazaunin babana. Na yi ta roƙo har ta kira ni.

Ni ne ɗanta namiji na fari, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai, na ba ka shekara guda. In kaka ta zagayo, ka zo ka hwaɗa min abin da ka yi da su. In ban gamsu ba, saida su za ni yi."

A daidai wannan lokacin wani abokina ya dawo daga biɗa, wato cirani. Ya yi shekara biyu a wani babban birni can bayan hamada, yana sharar tashoshin jirgin ƙasan da ke yawo cikin gari. Tsarabar da ya kawo mini wani littafi ne mai sheƙi da ya tsinta a kwandon sharar buro, wato ofis. Rahoton shekara ne na kamfanin jirgin, da Faransanci: yadda suka yi aiki bana, yadda jiragensu ke tashi kan lokaci, da taswirar sababbin layukan da za su shimfiɗa nan gaba. Na karanta shi sau uku. Rabinsa ban fahimta ba, amma rabin da na fahimta ya ishe ni lalacewa.

Abokina ya ce, "Can jirgi ba ya jiran kowa. Ko gwamna na, in ya makara sai dai ya ga bayanshi. Shi ya sa sunka ci gaba, mu muna nan muna gaisuwa."

Nan take muka kafa kamfani. Ni darakta, shi shugaban tashoshi. Muka samo gwangwanayen tumatir huɗu, muka shafa musu jan fenti, muka kafe a kan sanduna. Tasha ta ɗaya ƙofar masallaci, ta biyu bakin rijiya, ta uku ƙarshen gari, ta huɗu can inda turbarmu ta haɗu da babbar hanya. Na sayi usur irin na alƙalin ƙwallo, da kaye, wato littafin rubuta aikin kowace rana. Doka biyu ce kawai: jirgi yana tashi ƙarfe bakwai daidai, kuma ba ya tsayawa sai a tasha, minti biyu.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, mahaifina bai taɓa yin tasha ba. Gida-gida yake bi. Kuma matan garinmu ba su san ƙarfe bakwai ba. Lokacinsu shi ne "in na ƙare daka" da "in na sallami yara".

Ranar farko na busa usur har kaji suka watse. Wata ƙawar mahaifiyata ta leƙo da muciya a hannu.

"Ɗana, dakata in ɗaure buhu."

Na ɗaga mata agogo. Na ce, "Iya, ƙarhe bakwai ta yi."

"To mi ta yi maka?"

Na kaɗa jaki. Muka isa Ƙonni da fasinja ɗaya, wato abokina, wanda ba ya biya saboda ma'aikaci ne. Ya buɗe kaye ya rubuta: an tashi kan lokaci, an isa kan lokaci. Muka tafa.

Babbar matsalarmu jakin ne. Da mun zo wucewa ta wasu ƙofofi sai ya ja ya tsaya, ya sunkuyar da kai. Babu gwangwani a wurin, babu komai, amma ko ka yi kuka ba zai motsa ba sai ya ji bulala. Kullum ƙofofin nan ne, ba ya ƙari ba ya ragi. Abokina ya ce ko a can jirage kan sami irin wannan, ana ce masa matsalar inji. Haka muka riƙa rubutawa.

Kafin wata biyu mata sun koma amalanken maƙwabcinmu, wanda tayarsa ɗaya ke rawa, kuma ba ya tashi sai hantsi. Mu kuwa abokan cinikinmu baƙi ne da suka kwana a gari, sai wani malamin lakwal da ya taɓa cewa mun burge shi. Maganar nan tasa ta riƙe ni wata shida. Sauran ranaku ina jigilar bulo da taki, da su muke cin tuwo, amma ban taɓa sa su a kaye ba, don a ganina jirgin ƙasa ba ya ɗaukar taki.

Sai ranar da har yanzu in na tuna nakan ji kunya. Mahaifiyata tana da ɗan lambu a bakin fadama, tsakanin tasha ta uku da ta huɗu. Da rani, wata ranar kasuwa, ta yi sammako ta je ta yanko zogale da yakuwa. Muna tafe sai jaki ya fara rage tafiya tun kafin in hango kowa. Can na gan ta tsaye gindin wata aduwa, da kwando a ka. Jakin ya je gabanta ya tsaya cak.

Na dubi abokina, ya dubi agogo.

Na ce, "Inna, nan ba tasha ba ta. Tasha na gaba kaɗan, ki ƙarasa."

Ta dube ni, ta dubi jakin. Ta gyara gammo ta kama tafiya. Ni kuma na zuba wa jaki bulala, sai da na yi masa uku kafin ya ɗaga ƙafa. Muka wuce ta, muka isa gwangwani na huɗu, muka tsaya minti biyunmu. Na waiwaya, ga ta nan tafe, bai fi jifa ɗaya tsakaninmu ba.

Abokina ya ce, "Darakta, lokaci."

Wallahi na so in jira ta. Amma kayenmu bai taɓa ɗaukar kalmar makara ba, kuma ban so a ce daga gidan darakta aka fara. Na busa usur.

A kasuwa na hango ta tana saukowa daga amalanken maƙwabcinmu. Da yamma ta zuba mini tuwo kamar kullum, har da man shanu. Ba ta ta da maganar ba, ranar nan ko bayanta. Ni da wautata na ɗauka ta fahimci tsarin aiki ne.

Damina ta wuce, kaka ta zo, ranar rahoto ta yi. Na aro tebur daga lakwal na kafa tsakar gida bayan la'asar. Na sa kwat ɗin gwanjo, ana zafi kamar me. Mahaifiyata tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, kawuna yana kan kujera, yayata da wasu mata sun jeru jikin bango, don labari ya zaga gari cewa yau za a yi kallo. Abokina ya ɗaga kwalin da muka zana taswira.

Na gyara murya. Na ce bana kamfani ya kafa tarihi, bai makara ko sau ɗaya ba. Na dakata don a yi tafi, abokina ya yi. Na ce ta fuskar fasinjoji akwai sauran gyara, amma wannan laifin rashin wayar da kai ne. Sannan na shiga tsarin faɗaɗa aiki: baɗi za mu buɗe layi na biyu zuwa Alela, sai na uku zuwa Malbaza, kuma nan da shekara biyar jirginmu zai riƙa kwana Badagishiri.

Kawuna ya ce, "Da jakin ga?"

Na ce ya zo daidai wurin. Babban abin da ya hana kamfani ci gaba shi ne matsalar inji, na buɗe kaye na nuna shafi bayan shafi. Saboda haka mataki na farko a tsarinmu shi ne a sayar da tsohon jakin, a sayo matashi wanda bai koyi mugun hali ba.

Mahaifiyata ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta. Ta ce, "Ka ƙare?"

"Na ƙare, Inna."

"Tashi ka ɗaura mishi amalanke."

"Inna, yau ba kasuwa ba ta."

"Na sani. Ɗaura. Kuma ka aje bulalar nan da abin busar nan bisa tebur."

Ta hau ta zauna, na hau da kwat ɗina. Ta ce in saki igiya, kada in ce masa komai. Mutanen gidan suka biyo mu a ƙasa, abokina yana rungume da taswira.

Jakin ya fita a hankali, ya wuce gwangwanin masallaci ko kallo bai yi masa ba, ya je wata ƙofa ya tsaya.

Ta ce, "Mai gidan ga gwiwarta ta lalace. Babanka shi ka shiga ya ɗauko mata buhu. Ina taka iya kai shi bakin rijiya?"

Bayan ɗan jim jakin ya ci gaba da kansa, ya tsaya wata ƙofar.

"Wagga mijinta na wurin biɗa, ga ɗiya ƙanana, ba ta zuwa kasuwa. Nan taka miƙo kaya a saida mata, a sawo mata gishiri da sabuni."

Ƙofa ta uku ta wani tsoho ce makaho, yana zaune a dakalinsa. Da ya ji tsayuwar amalanke sai ya ɗago kai, fuskarsa ta washe, ya ce, "A'a, yau an tuna da mu?" Ashe shi ba ya hawa, ba ya aike. Mahaifina yakan tsaya ne kawai su gaisa, in ya dawo ya miƙa masa goro. Shekara guda tsohon nan yana jin usur ɗina yana wucewa. Na sauka na durƙusa na gaishe shi, zufa tana bin bayana, kuma ba ta kwat kaɗai ba ce.

Haka muka yi ta yi har ƙarshen gari. Duk inda na rubuta matsalar inji, akwai mutum a wurin. Waɗanda suka biyo mu suka gaji suka koma, muka rage ni da ita. Na san inda muka nufa, na so ƙasa ta tsage.

Jakin ya isa gindin aduwa ya tsaya, ya sunkuyar da kai.

Mahaifiyata ta dubi gindin bishiyar. Can ta ce, "Tun kana goye babanka ka tsaya min nan. Bai taɓa wuce wurin ga ba, ko ina nan ko ba ni nan, sai ya duba." Ta shafa bayan jakin. "Ran nan ba tahiyar ƙasa ta yi min ciwo ba, na saba. Bugun da ka yi mishi don ya tsaya min, shi na har yau ban manta ba."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ranar, in ba haka ba da ban ga man shanu ba.

A hanyar komawa na yi ƙarfin hali na tambaye ta hukuncinta.

Ta ce, "Ba ni saida su. Amma daga yau shi na darakta. Kai kana iya zama mataimaki, in ya yarda."

Ya yarda. Na yi masa aiki shekara huɗu kafin tsufa ya kwantar da shi, kuma ban taɓa samun shugaba mai sanin aiki kamarsa ba. Mata suka dawo ɗaya bayan ɗaya, bayan kowace ta gaya mini abin da ke bakinta. Gwangwanayen yayata ta cire ta shuka barkono a ciki. Abokina ya koma biɗa, har yau in ya bugo waya sai ya tambaye ni labarin layin Malbaza, in ce masa ana kan nazari.

Ban ga laifin littafin nan ba, yana nan cikin akwatina. Mutanen can sun san garinsu, suka yi masa tsari. Ni ne na haddace tsarin garin wasu alhali ban san ƙofofin garinmu ba, har na shekara ina dukan wanda ya sani. Tashi kan lokaci kuwa ban daina so ba, sai dai yanzu nakan fara zagaye tun da wuri.

Yanzu babur mai ƙafa uku nake ja. Mahaifiyata ta tsufa, ta daina zuwa lambu, amma bakinta bai tsufa ba: in na yi jinkirin zuwa gaishe ta da safe sai ta ce, "Mataimaki, yau ka makara." Duk ranar kasuwa kuma, in na iso gindin aduwar nan, ƙafata takan taka birki da kanta. In akwai baƙo a baya sai ya leƙa hagu da dama, ya ga babu kowa, ya tambaya ko wani abu ne ya lalace.

Sai in ce masa lafiya lau, tasha ce.