Yaren da Ya Rage a Bakin Baba Tsoho

Ranar Asabar da ta wuce ina tsakar gida ina tsince shinkafa, maigidana yana kan tabarma yana kallon ƙwallo a wayarsa. Tashar da ya kamo ba ta Turanci ba ce, mai sharhin yana zuba wani yare da sauri kamar ruwan sama a kan kwano. Can mai tsaron raga ya yi kuskure, ya miƙa wa abokin hamayya ƙwallo har ƙafa, sai na ji mai sharhin ya ja murya ya ce, "Regalo." Faifan da ke hannuna ya karkace, shinkafa ta zube. Maigidan ya tambaye ni ko kunama ce, na ce a'a. Na san kalmar nan tun ina 'yar shekara bakwai, kuma ban taɓa jin tsoro irin wanda ta jawo mini ba.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, tsakanin Haɗeja da Kirikasamma. Kakana na wajen uba, wanda duk gida ke kira Baba Tsoho, ya daina shiga ruwa tun kafin in yi wayo, sai gyaran taru a ƙarƙashin rumfarsa. Ni ce jikarsa ta fari, amarya yake ce mini, ni kuma in ce ba na son miji mai furfura. Kowa ya san ya yi yawon duniya da ƙuruciya. Ya yi shekaru a wani tsibiri cikin teku, can gaba da Kalaba, inda Turawan Sifaniya suka yi mulki, yana sana'ar tsire. Amma ba ya ba da labarin wurin. Daga baya na ji dalili. Da ya dawo gida an ji yana wani yare, aka fara raɗe-raɗin ya bar addini, har wasu suka daina cin yankansa. Tun daga nan ya kulle bakinsa. Ko Babana bai taɓa jin yaren daga gare shi ba.

Ni ya buɗe wa. Wata rana da rani ya miƙo mini goriba, na kai hannu, sai ya dunƙule.

"Amarya, kafin ki karɓa, bari in gaya miki sunan abin da nake yi yanzu a bakin mutanen tsibiri."

Ya ce teburin tsirensa a jikin katangar wata makaranta yake, kullum da safe yana jera nama yana jin yara suna rera karatu ta taga, har ya hardace. Da yawa sun zube masa, wannan ce ta zauna daram. Ya ɗaga yatsunsa yana lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Regalo, ina ba da kyauta. Regalas, kina ba da kyauta. Regala, yana bayarwa ko tana bayarwa. Regalamos, muna bayarwa. Regaláis, kuna bayarwa. Yatsu suka ƙare, sai ya girgiza dunƙulallen hannun ya ce regalan, suna bayarwa.

"Mu a gaba muke sa mutum," in ji shi, "ina, kina, yana. Su a wutsiya suke ɗaura shi. Kan kifin ɗaya ne, wutsiyar ce ke gaya miki ko wane ne."

Shekara biyu muna wannan wasa. Idan Gwaggo, ƙanwar Babana, ta aiko masa da fura, sai ya kalle ni, in ce regala. Idan ni da shi muka jefa wa akuya ɓawon rogo, regalamos ke nan. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada in faɗa a gaban kowa. Ban taɓa faɗa ba.

Shekarar da na cika tara ruwa ya yi yawa. Wanda ya tashi a fadama ya san yadda ake zama a watan marka, kunne ɗaya a gida ɗaya a kogi. Ruwa ya shanye gonakin shinkafa, ya cinye hanyar da motar Haɗeja ke bi, maza duk suka koma bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa don kada ta ɓalle mana. Bangon ɗakuna ya jiƙe har gwiwa, ko'ina warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa, kwaɗi ba sa yin shiru ko da rana.

A cikin wannan hali ne aka tsinci Baba Tsoho kwance a bakin ruwa da tsakar rana. Ya je duba yadda kogin ya hau. Da aka shigo da shi bakinsa ya karkace gefe guda, hannun dama da ƙafar dama suna lilo. Gwaggo ta kalle shi ta ce mutanen ruwa ne suka mare shi, wa ya aike shi bakin kogi rana tsaka. Babu wanda ya musa mata.

Washegari ya yi magana. Babana ya durƙusa ya ce, "Baba, me kake so?" Ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi, abin da ya fito shi ne, "Regalo." Aka ba shi ruwa, ya ce, "Regalas." Babu Hausa ko kalma ɗaya. Matan da ke ɗakin suka ja da baya suna neman tsari. Gwaggo ta ce to ga shi nan, sun fara magana da bakinsa.

Ina tsaye a bakin ƙofa, ina jin komai. Za ka ce me ya hana ni faɗa. Na farko dai na yi masa alkawari. Amma babban abin shi ne na fara shakka. Manya duka sun ce yaren aljanu ne. To idan gaskiyarsu ce fa? Idan babu wani tsibiri, babu wata makaranta, idan shekara biyun nan karatun mutanen ruwa nake ɗauka? Ke nan yana cikin bakina ni ma. Na riƙa zuwa bayan ɗaki ina goge harshena da gawayi da gishiri. Na daina zuwa kusa da randa. Na yi ta karanta Ƙulhuwallahu, amma ina idarwa kalmomin shida sai su jeru a kaina da kansu, kamar awaki sun san turkensu. Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Duk lokacin da na gifta ɗakinsa idonsa yana bi na, ni kuma in sunkuyar da kai in wuce da sauri.

Rana ta uku aka kawo wani mai magani a kwalekwale daga wani ƙauye, wanda ya yi suna wajen cire iska. Bayan azahar aka fito da Baba Tsoho tsakar gida, aka jingina shi da turmi. Mutumin ya sa aka kawo garwashi a kasko, ya zuba wasu saiwoyi da busasshen barkono, ya lulluɓe tsohon da bargo tare da kaskon. Mu da ke nesa ma sai da muka yi ta atishawa. Daga ƙarƙashin bargon tari yake fitowa, irin na wanda ba shi da ƙarfin yin tarin. Mai maganin yana riƙe da tsumagiya, yana cewa, "Faɗi sunanka. Wa ya aiko ka?" Babana yana tsugune ya dafe kai.

Da aka yaye bargon idanun Baba Tsoho sun yi ja, hawaye da majina sun ɓata masa gemu. Ya duba mutane ɗaya bayan ɗaya har ya same ni a bayan rumbu. Ya ɗaga hannun hagu. Ya lanƙwasa yatsa ɗaya ya ce, "Regalo." Ya lanƙwasa na biyu ya ce, "Regalas." A na uku ya tsaya. Leɓensa yana rawa, kalmar ta ƙi fita. Mai maganin ya ƙara barkono a wuta, ya sake ɗaukar bargo.

"Regala," na ce.

Ban yi niyya ba. Na dai ga bargon zai sake sauka. Tsohon ya lanƙwasa na huɗu, na ce regalamos, na biyar, regaláis, ya girgiza hannu, na ce regalan.

Gwaggo ce ta fara magana, a hankali. "Sun koma kan yarinyar."

Yaran da ke kusa da ni suka watse. Mai maganin ya tako ya kama ni a wuyan hannu, hannunsa da kaushi kamar bayan kada, ya ja ni zuwa gaban kaskon. Zafin garwashi ya bugi ƙwaurina. Na so in ce wasa ne, goriba ce, akuya ce, amma a raina ina shakkar ko mai maganin ne mai gaskiya. Fitsari ya zubo mini. Na ga bargon ya buɗe a samana, duhunsa yana saukowa.

"Malam, sakar mini 'yata."

Innata ce. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa nuna a gaban mutane cewa ita ta haife ni ba, kuma ba ta ɗaga murya a gaban dangin mijinta. Ranar ta ratsa tsakiyar maza ba mayafi, ta cire hannun mutumin daga nawa, ta mayar da ni bayanta.

"Babu wata iska a jikinta," ta ce wa Babana, idonta a ƙasa. "Madafata a bayan rumfar Baba take. Shekara biyu ina jin su ta cikin danga. Yaren inda ya zauna ne yake koya mata. Ni ma da za a tambaye ni zan iya kawo uku."

Babana ya dube ta. Sannan ya juyo gare ni ya tambayi ma'anar abin da na faɗa. Na gaya masa cikin shessheƙa. Ya matsa kusa da mahaifinsa ya ce, "Baba, yaren tsibiri ne?" Tsohon ya rufe ido ya buɗe, ya gyaɗa kai iya yadda wuyansa ya yarda.

Babana ya ɗauki buta ya kashe garwashin. Ya sallami mai maganin da girmamawa, ya goya mahaifinsa a baya har bakin ruwa. Aka ce in bi su, tunda ni kaɗai yake amsa wa. Wannan tafiya ma ban manta ta ba. Kwalekwalen yana bi ta saman gonakin da na sani, kan dawa yana leƙowa daga ruwa, igiyar ruwa tana karkatar da mu, ni kuma na ƙanƙame hannun Baba Tsoho na hagu ban yarda na kalli gefe ba. Inda ruwa ya ƙare muka sami mai Keke Napep ya kai mu asibiti a Haɗeja.

Likitan ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Ya ce yakan faru magana ta ɗauke, amma abin da mutum ya hardace da rerawa ya rage. Ya yi wa Babana faɗan kwana ukun da aka ɓata. Bayan mako biyu Fatiha ta dawo bakin tsohon, sai "ruwa", sai "amarya". Bai ƙara tafiya da ƙafarsa ba. Ya ga girbin shinkafar rani, ya rasu kafin ruwan farko. Ni kuwa na fi wata uku wasu iyaye ba sa barin 'ya'yansu su ci abinci a kwano ɗaya da ni.

Yanzu a cikin Haɗeja nake zaune. Kogin yana nan da halinsa, wata shekara ya yi haƙuri wata shekara ya ƙi. Amma a ƙauyenmu ma akwai mai kemis da ke auna jini, kuma abin da ya kusa sa a turara ni, yau yaro ɗan firamare zai danna a waya ya gaya maka ma'anarsa kafin garwashi ya kama. Ban ce mutane sun daina tsoron abin da ba su gane ba. Har gobe ina jin ana cewa iska ta mari wane, sai dai yanzu akan sami wanda zai ce a fara kai shi asibiti.

Da maigidan ya gama kallonsa na ari wayar, na nemi kalmar. Ashe jerin nata ya fi hamsin, akwai na jiya, na gobe, na fata, na umarni. Na yanzu ne kawai ya rage wa Baba Tsoho cikin abin da ya ji ta tagar makarantar, shi ya ba ni. Na duba na abin da ya wuce, na sami wadda ake faɗa a kan mutum ɗaya da ba ya wurin. Regaló, ya ba da kyauta. Haruffanta ɗaya da ta farkon da ya koya mini, nauyin murya ne kawai ke komawa ƙarshe. Na maimaita ta sau uku, na mayar wa maigidan wayarsa. Sauran ba na bukatarsu.